Mutumin da Ya Dafa Takalminsa: Chaplin da Mutuncin Mayunwaci

Wani ɗan ɗakin katako ne a tsakiyar dusar ƙanƙara, mutum biyu a ciki, kwana da kwanaki ba su sa komai a baki ba. Ƙaramin cikinsu ya cire takalminsa ɗaya ya jefa a tukunya. Yana tsaye a gaban murhu yana tsikarinsa da cokali mai yatsu don ya ji ko ya nuna, sai ka ce kukun babban otal. Da ya sauke, sai da ya goge faranti tukuna, sannan ya ɗora takalmin ya yayyafa masa romo. Abokin zamansa, wani ƙaton mutum, ya fizge ɓangaren fata mai laushi ya bar masa tafin mai ƙusoshi. Bai yi gardama ba. Ya gyara zama, ya naɗe igiyar takalmin a cokali kamar taliya, ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana tsotsa kamar ƙashin kaza.

Wannan fitowa tana cikin *The Gold Rush*, fim ɗin da Charlie Chaplin ya saki a 1925 a kan masu neman zinare a can ƙuryar arewacin nahiyar Amurka. Yau ana maganar shekara 100 da yin sa, amma ko a ƙaramar waya aka kunna shi, babu fassara babu komai, yaro da babba sai sun dara. To me ake wa dariyar? Yunwa ba abin wasa ba ce, kuma da yawa daga cikinmu mun san ta ido da ido. Abin da muka gani bayan mun sake bin finafinansa shi ne, ba yunwar mutumin muke wa dariya ba. Muna dariyar jin daɗi ne don ya ƙi yarda yunwa ta mayar da shi dabba. A nan ƙarfin Chaplin yake, kuma da wannan ma'auni za mu auna shi, shi da aikinsa, har da wuraren da ya gaza.

Don sauƙin magana za mu raba mutum biyu. Akwai Chaplin, attajirin da ya mallaki kamfanin fim. Akwai kuma ɗan gararamban da ya ƙirƙira, mai 'yar hula da kwagiri, wanda Faransawa ke kira Charlot. Shi za mu kira Cali.

Inda ya koyo yunwa

An haifi Charles Spencer Chaplin a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa duka 'yan wasa ne a gidajen waƙa da barkwanci na talakawan Ingila. Uban mashayi ne, ya bar gida tun yaron yana ƙarami, ya mutu a 1901. Uwar, Hannah, muryarta ta lalace, sana'ar ta ƙare, ta koma ɗinki a ɗakunan haya na unguwannin Kennington da Lambeth. Yana da shekara 7 aka kai su gidan gajiyayyu na Lambeth, irin gidajen da hukuma ke tara waɗanda suka kasa ciyar da kansu, tana raba uwa da 'ya'yanta. Daga can aka wuce da shi da wansa Sydney makarantar marayu da marasa galihu ta Hanwell. A 1898 aka kwantar da Hannah a asibitin masu taɓin hankali na Cane Hill, ciwon kuma bai rabu da ita ba har ta mutu.

Kafin ya cika shekara 10 ya riga ya shiga wata ƙungiyar yara masu rawa a dandamali. A 1908 ya samu shiga ƙungiyar barkwanci ta Fred Karno, inda ya yi suna da kwaikwayon attajirin da ya bugu. Ita ce ta kai shi Amurka. A ƙarshen 1913 kamfanin Keystone na Mack Sennett ya ɗauke shi a kan dala 150 a mako. A 1915 Essanay ya ba shi dala 1,250 a mako. A 1916 Mutual ya ba shi dala 670,000 a shekara, yana da shekara 26 kacal.

Ba don a tausaya masa muka kawo wannan tarihi ba. Mun kawo shi ne don ya bayyana wani abu da ake gani a allo. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa talauci ba, idan ya zo nuna talaka, sai ya nuna shi yana kuka, yana roƙo, ko kuma yana wauta. Chaplin ya san cewa babban aikin talaka a kullum shi ne rufin asiri. Ya ga uwarsa tana yi, shi ma ya yi. Shi ya sa talakansa bai cika kuka ba: yana can yana kakkaɓe ƙurar kwat ɗinsa.

Kayan jikinsa

Duniya ta fara ganin Cali a watan Fabrairu na 1914, a wani ɗan gajeren fim mai suna *Kid Auto Races at Venice*. Ku dubi shigar da kyau, domin ita kaɗai ta isa labari. Kwat ta matse, wando ya yi burgujeje. Hula ta yi kaɗan, takalma sun yi yawa. Babu abin da aka ɗinka dominsa, komai kwance ne ko tsintuwa. Amma kowane guda daga ciki kayan manya ne: irin hular ma'aikatan banki, laktaye, da sandar da ba don gurgunta ake riƙe ta ba sai don ƙasaita. Mutum ne wanda ba shi da ko sisi, amma ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi mai daraja ne, kuma ba ya jiran kowa ya tabbatar masa.

Daga wannan saɓani kusan duk dariyar take fitowa. Idan ya faɗi, kafin ya duba ciwo sai ya gyara hula. Idan ya yi tuntuɓe da wani, ko da wani abu, sai ya ɗaga hula ya ba da haƙuri. A *The Kid* na 1921 ya farka a ɗakinsa na ƙarƙashin rufi, ya zura kai ta ramin da ke jikin bargonsa, bargon ya zama rigar shan iska, ya zo ya zauna karin kumallo kamar mai gidan sama. Ya buɗe gwangwanin sardin ya zaɓi guntun sigari a ciki da irin yangar mai zaɓen taba mai tsada. Karin maganarmu ta ce talauci ba ya kau da 'yanci. Da wuya a samu wanda ya fassara ta da jiki kamar Cali.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Cali na farko, na zamanin Keystone, ɗan tasha ne sosai: yana sata, yana shuri daga baya, yana damun mata a lambun shaƙatawa. Yawancin waɗannan finafinai na 1914 hayaniya ce da jifa da guje-guje, kuma idan ba don tarihi ba, kaɗan ne daga cikinsu suka cancanci a sake kallo. Sai daga *The Tramp* na 1915, musamman kuma finafinai 12 da ya yi wa Mutual, halin ya nuna. Ko bayan nan bai daina ƙeta ba. A *The Kid* yaron da ya tsinta ya raina shi ne ke jifan tagogin mutane, shi kuma ya biyo baya da gilashi a goye yana neman aikin gyara. Damfara ce tsagwaronta, amma ta neman abin kaiwa baki, mai kallo kuma ya san haka.

Wa shurin yake samu?

Duk barkwanci yana da inda ya dosa. Wani yana gangarawa ƙasa ya sami wanda ba ya iya ramawa, wani yana hawa sama. Idan muka ƙirga waɗanda Cali ya kunyata, za mu tarar da ɗan sanda, da mai gida, da shugaban ma'aikata, da ƙaton unguwa, da jami'in gidan marayu, da mai wa'azin da ke raba sadaka yana yatsina. A *The Immigrant* na 1917 baƙin haure suna kan jirgin ruwa suna hango gunkin 'yanci na New York, ido ya cika da buri. Nan take jami'ai suka zo suka tare su da igiya kamar shanu. Cali ya dubi gunkin, ya dubi igiyar, sannan ya faki ido ya shuri jami'in. Babu kalma ko ɗaya, amma an gama sharhi a kan alƙawarin Amurka da abin da baƙo ke tararwa.

Mun san irin wannan matsayi a gida. Wawan sarki yana iya faɗin abin da waziri ba ya iyawa, don an riga an ce wasa yake yi. Bambancin shi ne wawan sarki yana cin abincin fada, shi kuwa Chaplin tun 1919 ya zama mai gidan kansa, lokacin da shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists don rarraba finafinansu. Shi ke rubutawa, shi ke ba da umarni, shi ke fitowa, shi ke zuba kuɗi, daga baya har kiɗan shi ke tsarawa. Babu wanda zai ce masa cire wannan. Wannan 'yanci ne ya ba shi damar yin abin da ya yi, kuma shi ne daga baya ya hana a samu mai gaya masa gaskiya.

Fitowar da ta fi kowace nauyi a *The Kid* ba ta dariya ba ce. Jami'ai sun zo sun ɗauke yaron, Jackie Coogan, sun jefa shi bayan mota, yana miƙa hannu yana kuka, Cali kuma yana bin rufin gidaje don ya tare su. Wanda ya san an taɓa raba Chaplin da uwarsa a ƙofar gidan gajiyayyu, ya kuma san ɗansa na fari ya mutu kwana 3 da haihuwa a 1919, gab da fara wannan aiki, zai gane daga inda zafin ya fito. Masu suka sun daɗe suna cewa Chaplin ya cika son matso hawaye, kuma akwai gaskiya a ciki: mafarkin mala'iku da ke kusa da ƙarshen wannan fim ɗin kansa ƙari ne marar amfani. Amma a fitowar motar babu ƙari. An ɗauke wa talaka abu ɗaya da ya mallaka, da sunan taimako.

Shirun da ya fi magana

A 1927 fim mai magana ya shigo da *The Jazz Singer*, cikin 'yan shekaru kuma Hollywood ta watsar da fim marar murya. Chaplin ya ƙi. Dalilinsa a fili yake: Cali na kowa ne don ba ya jin yaren kowa. Ranar da ya buɗe baki da Ingilishi, ya zama ɗan wata ƙasa, ɗan wani aji.

A 1931 ya saki *City Lights*, da kiɗa amma babu zance. Ya buɗe shi da tsokana: manyan gari suna jawabin buɗe wani gunki, amma abin da ke fita daga bakinsu ƙarar usur ce kawai, da aka yaye mayafin kuma sai ga Cali yana barci a cinyar gunkin. Labarin na wata makauniya ce mai sayar da furanni, wadda ta ji an rufe ƙofar mota ta ɗauka Cali attajiri ne. Shi kuma ya ƙi warware mata. Ya yi shara a titi, ya shiga dambe aka lakaɗa masa duka, ya ƙare a kurkuku, duk don ya samo kuɗin aikin idonta. A gefe guda akwai wani attajiri na gaske da ke rungumarsa yana kiransa aboki idan ya bugu, ya kore shi idan ya wartsake. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar mai kuɗi ya san wannan mutumin.

A ƙarshe idonta ya buɗe, ta samu shago, tana jiran attajirinta. Sai ga wani tsumma a bakin taga yara suna tsokanarsa. Ta yi dariya, ta fito ta ba shi fure da kwabo. Da hannunta ya taɓa nasa, ta gane. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, yatsa a baki, murmushi da tsoro a haɗe. Fim ya ƙare a nan, ba a gaya mana abin da ta yanke ba. A ganinmu wannan ne ƙololuwar aikinsa, domin a nan ne kaɗai rufin asirin ya yaye gaba ɗaya, tambayar kuma ta dawo kan mai kallo: yanzu da ka gan shi yadda yake, yana da daraja a wurinka ko babu?

*Modern Times* na 1936 ya kai tambayar masana'anta, a lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyi cikin rashin aiki. Cali yana ɗaure noti a bel ɗin da ba ya tsayawa har hannunsa ya kasa daina motsi ko an tashi. An gwada masa injin ciyar da ma'aikaci don kada a ɓata lokacin cin abinci, injin ya haukace ya dinga ɗura masa noti. Ku lura da nisan da ke tsakanin wannan da takalmin 1925. A can babu abinci amma akwai mutunci. A nan ga abinci, amma an ƙwace hannun da zai kai shi baki. Daga baya wani jan ƙyalle ya faɗo daga mota, ya ɗauka yana ɗagawa don ya mayar wa mai shi, masu zanga-zanga suka biyo bayansa bai sani ba, 'yan sanda suka kama shi a matsayin jagoran 'yan kwaminis. Abin da ya yi wasa da shi a nan, shi ya same shi bayan shekara 16. A wannan fim ne aka fara jin muryar Cali, yana waƙa da wani yare na ƙarya da ba na kowa ba. Daga nan ya kama hanya shi da yarinyar da suke tare, bai sake dawowa ba.

Ranar da Chaplin ya karɓe bakin Cali

Kwana 4 ne tsakanin haihuwar Chaplin da ta Hitila, ga kuma gashin baki iri ɗaya. A watan Satumba na 1939, ana fara yaƙin duniya na biyu, Chaplin ya fara ɗaukar *The Great Dictator* da kuɗinsa, ya sake shi a Oktoban 1940, lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, manyan kamfanoni kuma suna taka-tsantsan da Jamus. Wannan jarumta ce, ba mai ƙwace masa ita. Ya fito a mutum biyu: Hynkel mai mulkin kama-karya, da wani Bayahude mai aski. Daga baya ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1964 cewa da ya san irin kisan da ake yi a sansanonin 'yan Nazi, da bai iya yin fim ɗin ba.

Akwai fitowa biyu da ya kamata a jera. A ta farko Hynkel shi kaɗai a ofis yana rawa da ƙwallon taswirar duniya, yana cilla ta sama, yana tare ta da ƙafa da ɗuwawu, har ta fashe a hannunsa kamar balan-balan, ya kife a tebur yana kuka. Ba a ce komai ba, amma an nuna mai kama-karya tsirara: yaro ne mai son abin wasa, abin wasan kuma mu ne. A ta biyu, a ƙarshen fim, an ɗauki mai askin a matsayin Hynkel, aka tsayar da shi gaban lasifika, ya yi jawabi na wajen minti 5 a kan 'yanci da zumunci da ƙin zalunci. Jawabin nan yana yawo a wayoyi har yau, kuma babu wata magana a ciki da za mu ƙi. Amma wa ke yin ta? Mai askin da muka bi tun farko mutum ne mai kunya, ba ya haɗa jimla uku. Wanda ke kallon kyamara a nan Chaplin ne, ya ture halittarsa gefe ya hau mumbari. Rawar ƙwallon ta bar mu mu gano da kanmu. Jawabin ya gaya mana abin da za mu ji. Mun yarda zamanin ya buƙaci a yi magana ƙarara, kuma wataƙila ba shi da wata hanya. Duk da haka hasara ce, kuma bai sake cike ta ba.

Finafinan da suka biyo baya sun tabbatar. *Monsieur Verdoux* na 1947 labarin ma'aikacin banki ne da aka sallama, ya koma auren mata masu dukiya yana kashe su, a kotu kuma ya kafa hujja da cewa masu sana'ar yaƙi sun fi shi kisa kuma ana girmama su. Fim ne mai kaifi, ya fi yadda Amurkawan lokacin suka karɓe shi. *Limelight* na 1952, a kan tsohon ɗan barkwancin da 'yan kallo suka guje wa, yana da taushi, amma ya cika dogayen jawabai a kan ma'anar rayuwa. Abin lura, wurin da ya fi rai a cikinsa shi ne 'yan mintocin da shi da Buster Keaton suka yi shiru suna kokawa da fiyano da goge.

Baki shi ke yanka wuya. Chaplin ya shekara kusan 40 a Amurka bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, ya yi jawaban goyon bayan taimaka wa Rasha a lokacin yaƙi, hukumar FBI ta J. Edgar Hoover kuma ta daɗe tana tara bayanai a kansa. A Satumban 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan don buɗe *Limelight*, babban lauyan gwamnati ya soke izinin komawarsa. Ya tare a Corsier-sur-Vevey a ƙasar Suwizalan. Sai a 1972 ya sake taka Amurka don karɓar lambar girmamawa ta Oscar, inda aka miƙe ana tafa masa har minti 12. A 1975 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir. Ya mutu ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.

Abin da ba za mu rufe ba

Da sauƙi a tsaya a nan a ce gwarzo ne da aka zalunta. An zalunce shi a siyasa, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya koya wa duniya duban mai ƙarfi da idon mai rauni, a gidansa da wurin aikinsa shi ne mai ƙarfin, kuma bai yi adalci ba. A 1918, yana da shekara 29, ya auri Mildred Harris mai shekara 16, auren bai kai ko'ina ba. Lita Grey ta fara aiki a ƙarƙashinsa tana yarinya a *The Kid*, ya zaɓe ta jarumar *The Gold Rush*, ta yi ciki kafin aure, ya kai ta Meziko a 1924 aka ɗaura a ɓoye, tana da shekara 16 shi yana da 35, a lokacin da dokar Kalifoniya za ta iya kama shi. Aka ba Georgia Hale matsayinta a fim ɗin. Rabuwarsu a 1927 ta zama abin kunya a jaridu, ya biya kimanin dala 600,000. Ke nan fim ɗin da muka buɗe da shi an yi shi ne a daidai lokacin da wannan yarinya ke rasa aikinta da ƙuruciyarta a hannunsa.

A shari'ar Joan Barry ta shekarun 1940 gwajin jini ya nuna ba shi ne uban 'yarta ba, amma kotu ta ɗora masa ciyarwa. A nan shi aka ƙwara. Aurensa na ƙarshe da Oona O'Neill, wadda ya aura a 1943 tana da shekara 18 shi yana da 54, ya ɗore har mutuwarsa, suka haifi 'ya'ya 8. Wannan bai goge na baya ba. A wurin aiki ma haka yake: fitowar haɗuwar farko da makauniya a *City Lights* sai da aka ɗauke ta sau 342, ya kori jarumar, Virginia Cherrill, sannan ya dawo da ita don ba shi da mafita.

Ba mu ce a daina kallonsa ba, ba mu kuma ce gwaninta ta wanke shi ba. Abin da muke cewa shi ne Cali ya fi Chaplin, kuma mafi tsananin hukuncin da za a yi wa Chaplin, daga finafinansa za a ciro shi. Da Lita Grey ta fito a fim ɗinsa a matsayin yarinyar da mai gida ya yi wa haka, mun san wanda Cali zai shura.

Abin da ya iso mana

Cali ya iso ƙasar Hausa ta hanya biyu. Ya zo da kansa, ya kuma zo a rigar Indiya. Raj Kapoor ya ari tafiyarsa da shigarsa a *Awaara* na 1951 da *Shree 420* na 1955, finafinan Indiya kuwa sun yi shekaru suna cika gidajen silima a Kano da sauran biranenmu. Har yau a bakin masu kallonsu ɗan barkwancin fim sunansa cali-cali, kuma duk mai kunne zai ji amon sunan Charlie a ciki. Sai dai cali-cali ɗan rakiya ne, ana sako shi a huta kafin jarumi ya dawo. A wurin Chaplin shi ne jarumin, shi ake so, shi ake tsoron kada a wulaƙanta.

Wannan bambanci ya shafe mu yau, da kowace waya ta zama gidan silima kuma kowane matashi zai iya zama darakta. Ana samun barkwanci mai kyau a cikin gajerun bidiyoyin da ke yawo, ba mu musa ba. Amma mu riƙa lura da wanda ake kunyatawa. Sau nawa ake tsorata mai talla a ɗauki firgicinta, a miƙa wa mabaraci kuɗi a janye don a ga fuskarsa, a mayar da baƙauye ko mai lalura abin nishaɗi? Mai kyamara ya ƙoshi, wanda ake ɗauka bai ƙoshi ba, mu kuma muna turawa gaba. Wannan ita ce dariyar da ke gangarawa ƙasa, kuma ba ta buƙatar gwaninta, ƙarfi kawai take buƙata.

Wanda yake son ya ga ɗaya hanyar, ya nemi *The Kid* da *The Gold Rush* da *City Lights* da *Modern Times*, ya kalle su a jere, zai fi kyau tare da yara. Idan aka zo wurin takalmin, ya duba abin da ya faru bayan an gama ci. Cali ya naɗe ƙafarsa da tsumma, kuma haka ya ci gaba da tafiya a cikin ƙanƙara kusan har ƙarshen fim, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a tsumma, har cikin gidan rawa, har gaban yarinyar da yake so. Chaplin bai manta cewa an cinye takalmin ba, bai kuma bari mu manta ba.